Na huda gadar 'yata a inda ta hana

Salama a gare ku 'yan'uwa. Admin, a ɓoye sunana. Makon nan ya yi mini wuya, ko tuwo ba ya shiga. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni kafinta ne a wajen Madakiya, firamare kawai na yi, shekara talatin ina buga rufi. 'Yata ta fari injiniya take karantawa a Zariya. Akwai rafin da mutanenmu ke tsallakewa zuwa gonakin citta, duk damina katakon gadar sai ya ruɓe. Sai ta ce za ta yi mana sabuwa da faiba, irin na tankin ruwa, shi ne aikinta na gama makaranta. Dattawa suka yi dariya, wai gadar roba. Ni ma na yi.

Ta nuna mini a kwamfuta. Ta yanka gadar ƙanana ƙanana kamar raga, ta ɗora mata nauyi, sai kala ta fito, shuɗi lafiya, ja inda wahala ta taru. Tsakiya ne ja. Ta ce ƙarfin faiba a zaren cikinsa yake, kamar saƙar tabarma, in ka yanke zare ka gama da shi. Ta yi alama da alƙalamin maka a jikin faiban inda zan huda in haɗa, ta ce Baba ban da nan kar ka taɓa. Na ce mata tun ba a haife ta ba nake huda katako, ba allo ne zai koya mini aiki ba. Ta koma makaranta.

Da na gama haɗawa, shugabar zumuntar mata ta tare ni bayan sujada, ta ce kai kafinta, so kake tsofaffi su yi baftisma ta biyu a rafin nan? Ina abin riƙewa? Gaskiyarta ne. Na kawo ƙarfen riƙewa na huda rami takwas na ɗaure, huɗu a tsakiya, daidai wurin jan nan. Ban kira yarinyar ba, girman kai.

Jiya na tsallaka da buhun citta a ka, na ji ƙas a ƙarƙashin ƙafata. Na duƙa na duba, bakin ramukan ya yi fari, yana ɓarewa kamar albasa.

Ranar Asabar 'yata za ta zo da malaminta. Lahadi fasto zai yi addu'ar buɗe gadar, kuma kun san mu, duk ikilisiya za a hau tare ana waƙa ana taka rawa. In ta karye, ba wanda zai ce kafinta, kwamfutar yarinya za a zaga. Matata ta ce in cika ramukan da gam in shafa fenti, Allah zai rufa asiri. Na ce da ita ba Allah ne ya riƙe injin hudan ba.

Yau da safe na sare ƙaya na toshe bakin gadar gaba da baya, na ce wa masu wucewa fenti bai bushe ba. Na ɗauki hoton ramukan a waya, yana nan, ban tura ba. In tura wa yarinyar yanzu, ko in shiga mota in je in faɗa mata da bakina?