Hannun Afiniki Bai Kai Kunne Ba

Baban Afiniki,

Ka sauko daga jirgi a gajiye, shi ya sa ban tashe ka ba. Na tafi Kachia sayen citta, sai yamma.

Jiya na kai Afiniki makarantar cocinmu kamar yadda ka ce. Hedimasta ya sa ta ɗora hannu bisa kai ta taɓa kunne. Hannun bai kai ba. Ya ce sai baɗi, yadda ya ce bara. Yarinya ta cika shekara bakwai, gajarta ce kawai irin ta gidanku.

Daga can na wuce da ita makarantar Katolika. Sistar da ke kula da makarantar ta miƙa mata allo, Afiniki ta rubuta sunanta, aka ɗauke ta. Na san kai dattijon coci ne, mutane za su yi magana. Ka yi haƙuri, na riga na amsa.

Ka kai ta wurin tela Kumai ya auna ta don kayan makaranta, ranar Litinin za ta fara. Faɗan kuma ka ajiye mini, kada ka yi a gabanta. Tun bara take jan kunnenta sama don ya yi tsawo, sai jiya ta daina.

Mildred