Samirar da Ta Dawo Daga Kabo

Getso, Gwarzo.

Zuwa ga ƙanwata Badi'a, a Garo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan, da yaran duka. Ya ciwon gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, an gama yankan gero, dawa ake jira.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Saƙon murya kafin in tura shi yaran gidan nan sun haddace, maganar nan kuwa ba ta kunnen kowa ba ce. Maƙwabciyata Altine za ta miƙo miki idan ta zo cin kasuwar Kabo.

Maganar ɗiyarki ce. Kin san 'yar fari ce a wurina, bakina ba ya kama sunanta, ƙafata ba ta taka gidan aurenta, to ke ce uwarta a wannan sha'ani. Tun da aka kai ta Kabo, shekara uku ke nan, abin da nake iya yi mata bai wuce awara ba. Duk ranar kasuwa nakan cika samirar nan tawa mai murfi, in ƙulla yaji, in ba Altine. Ba a taɓa dawo min da ita haka nan ba, ko goro ko ɗan sabulu za a saka, tukuici dai irin na mutunci. To kasuwar da ta wuce sai ga samira ta dawo da nauyinta. Na buɗe, awarata ce cif, ko guda ba a taɓa ba, har ta fara yauƙi.

Ke Badi'a, a ina aka taɓa yi? Ko maƙiyinka ne ya aiko da abinci ai karɓa kake, in ba za ka ci ba ka watsa wa kaji. Amma surukarta, Hajiya Ladidi, ta rufe samira ta ce a mayar min da abina. Wai awarata ce ta hana gidansu haihuwa. Wai wani ya yi bayani a waya cewa waken suya yana sanyaya namiji, yana toshe mahaifar mace. Wane ne mutumin? Oho. A wane asibiti yake aiki? Oho. Murya ce kawai ake turawa daga waya zuwa waya, Hajiya ta saurara sau biyu ta zama likita. Matar da har gobe in an ba ta ƙwaya a asibiti sai ta tambaya ta sha ce ko ta shafawa!

Marigayi Malam da awarata yake karyawa kusan kullum, kuma kin san yawan 'ya'yan da ya bar min, tabarma biyu ba ta ɗaukar su. Da awara na hana haihuwa ai da Getso ta zama kufai tuntuni.

Ni ba cin mutuncina ne ya dame ni ba, na saba da mutane. Yarinyar nake ji, don wanda ya mayar wa uwa da kwanonta, 'yar yake shirin mayarwa. Ki daure ki je ki gano min ita. Kada ki ce ni na aiko ki.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki yayarki,
Furera.

*

Zuwa ga ƙanwata Badi'a.

Assalamu alaikum. Ina fatan kin koma gida lafiya, kuma gwiwar ba ta tashi ba saboda tafiyar da na sa ki. Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye. Kin ce ta rame, wuyanta ya fito. To ba dole ba? An hana ta awara, an hana ta madarar waken da take damawa, nama kuwa a gidan nan sai Sallah ko suna. Da me za ta yi jiki, da tuwo da miyar kuka tsura?

Sai kuma jarkar nan da kika gani a ɗakinta. Ai na san mai ita. Mutumin nan ne mai lasifika a kan mota a kasuwar Kabo, wanda ke kunna muryar da ke zagin awara, in ya tara mutane kuma ya buɗe bayan motar ya fito da maganin wanke ta. Shi ne mai cutar, shi ne mai maganin, iko sai Allah. A wurinsa Hajiya ta je ta sayo kaya, ta tsare yarinya tana ɗura mata safe da yamma, wai sai an wanke awarar shekara uku daga mararta. Kika ce kuma kullum da safe sai ta yi amai, Hajiya na tsaye tana hamdala, wai awara ce ke fita. Mts! Ko jaki ka ɗura wa wannan ɗacin ai sai ya amayar.

Shi kuwa mijin, Ikrima. E, na faɗi sunan, kunyar suruki ta ƙare tun ranar da samira ta dawo. Malamin Islamiyya guda, yana koya wa 'ya'yan mutane cewa kada a karɓi labari sai an bincika, amma a gidansu ya naɗe hannu ya zura ido. Kin san abin dariyar? Altine da idonta ta gan shi a bayan tasha, ya juya wa titi baya, yana zuba awarar talla a baki, irin wadda ake soyawa da baƙin man da ya kwana uku a kasko. Ashe awarar tasha ba ta sanyaya namiji, sai ta surukarsa. An bar jaki ana dukan taiki.

Da na je awon hawan jini na tambayi malamar asibiti, don kada a ce son sana'ata ne ya rufe min ido. Sai da ta yi dariya. Ta ce awara abinci ce mai gina jiki, ga wanda nama ya yi wa tsada ma ita ce madadinsa, su da kansu suke cewa a riƙa ba yara da masu ciki. Ta ce ko kullum mutum ya ci daidai misali ba komai, abin gudu shi ne tsohon mai, da ƙazamin ruwan tsami, da mayar da ita abinci ita kaɗai. Batun haihuwa kuma ta ce su je a duba su, su biyun, ba mace kaɗai ba.

Ki sa maigidanki ya sami Ikrima da wannan magana, namiji da namiji. Ita kuma ki ce mata ta riƙa tuttular da maganin nan a makwarara. Na san halinta, ba za ta yi ba, ko guba babba ya miƙo mata da hannu biyu za ta karɓa. Amma ki faɗa mata.

Wassalam.

Yayarki,
Furera.

*

Badi'a,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Kin ji a waya a gurguje, ga yadda abin ya faru. Kada ki taso da wannan gwiwar, addu'arki ta isa.

Da jikinta ya yi laushi har ta kasa girki, sai suka ɗora ta a babur suka aiko min da ita, wai ta zo gida ta huta. Ko rakiya babu. Tana sauka na ga tana dafa bango. Kafin la'asar jini ya ɓalle, muka kwashe ta sai asibiti a Gwarzo.

Ciki ne, Badi'a. Ciki ne da ita, ya kusa wata uku. Aman safen nan da Hajiya ke yi wa hamdala, tana ƙara mata kofi don awara ta gama fita, laulayi ne. Jikan da take kuka a kansa shekara uku yana kwance a ɗakin ɗanta, tana aika masa ɗaci safe da yamma. Ni ma da na haifi 'ya'ya cike da gida ban kawo a raina ba, jarkar nan ta ɗauke mana hankali gaba ɗaya.

Cikin ya zube. Likita bai ce tabbas maganin ne ba, ya ce sanin gaibu sai Allah, amma da na nuna masa sauran da ta zo da shi a gora sai ya sunsuna ya girgiza kai, ya ce mai ciki ba ta shan irin wannan. An ƙara mata jini. Tana raye, alhamdu lillahi.

Ba ta yi kuka ba har yanzu, shi ne abin da ke ba ni tsoro. Ni kuwa na yi, kuma ban ɓoye ba.

Furera.

*

Zuwa ga ƙanwata Badi'a.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, da maigidan, da yara. Zumar da kika aiko ta iso, Allah Ya ba da lada. Mai jiki da sauƙi sosai, ta fara zama a tsakar gida, har tana taya ni tace markaɗe.

An zo biko. Malam Jibirin ne ya jagoranto, ƙanin mahaifin Ikrima, da dattijai biyu, shi kuma gogan yana biye a baya kansa a ƙasa. Aka yi musu shimfiɗa a zaure. Baƙo dai ba ya tashi bai ci abinci ba, to na ce bari in yi musu karamci. Na tashi na soya awara da sabon mai, na yanka albasa da kabeji, na barbaɗa yaji, na aika musu tire guda, ba shinkafa ba tuwo. Na tsaya a bayan ƙofa ina jira in ga wanda zai ce tana sanyaya namiji.

Badi'a, tas suka cinye. Malam Jibirin har da aikowa a ƙaro yaji. Da bakin nan mai maiƙon awara ya buɗe wa'azi, wai ƙaddara ce, wai rabon yaron ke nan, wai Hajiya ba ta san da ciki ba, kuma tun ranar ba ta iya barci. Ai na san ba ta sani ba. Wanda bai sani ba tambaya yake yi, ba jarka yake saye ba. Shi kuwa Ikrima, yadda ya yi shiru a can haka ya yi shiru a nan, sai dai hannunsa bai yi shiru a tire ba.

Da za su tafi na ɗauko samirar nan na cika ta, na ce a kai wa Hajiya. Kasuwar da ta biyo sai ga ta ta dawo a wanke fes, an cinye, a ciki an saka goro da turmin atamfa. Ihu bayan hari! Atamfar ko warware ta ban yi ba, na ba Altine ta mayar mata da abinta, ta ji yadda ake ji. Samirar kuma yanzu kaji ke shan ruwa a ciki.

Za ki tambaye ni ita me ta ce. Daga bayan labule ta ba Malam Jibirin amsa da kanta, cikin ladabi, ta ce ba za ta koma gidan da aka tsare ta da kofi mijinta yana kallo ba. Duk zauren ana jira in ce ta yi haƙuri, kamar yadda aka ce mana muka yi. Na nemi kalmar a bakina na rasa. Ban kore su ba, ban kuma tura ta ba. In yana son matarsa ya san hanyar Getso, ya zo shi kaɗai ya buɗe baki ya yi magana kamar namiji. In kuma ba ya so, ɗakina bai yi mata kaɗan ba.

Kullum da safe sai ta ci awara da ɗumi, da rana in yi mata faten wake da alayyahu, wuyan nan ya fara cikowa. Shekaranjiya tana tsaka da ci sai kukan ya zo mata. Na bar kasko a wuta na zauna na jawo ta jikina, gaban yara, gaban matan da suka zo saye. Awarar ta ƙone ƙurmus, ko a jikina.

Akwai abin da ban faɗa miki ba a waccan takardar. A asibiti, lokacin da idonta ya juye kafin a sa mata jini, na kira ta da sunanta. Da ƙarfi na kira, sau uku, har ma'aikata suka juyo. Tun ranar sunanta ban taɓa furta shi ba, kullum "ke" ko "yarinyar nan". Kunyar da ta hana ni taka gidanta in ga abin da ake ɗura mata, na bar ta can a gadon asibiti, wanda yake so ya je ya ɗauka.

Ki gaida maigidan da yara. In gwiwa ta saki ki zo ki gan ta.

Najwa tana gaishe ki.

Taki har kullum,
Furera, uwar Najwa.