Zuma a Kofin Injin Baba

Litinin, 7 ga Yuli, 2025
Doose, matar ƙanena Luqman, ta kawo wa Baba injin shaƙar maganin asma. Nas ce, dole kowa ya sani. A zuba magani a ɗan kofi, ya fito kamar hazo. Shekara shida ina jinyar Baba, ban taɓa jin "Allah ya yi miki albarka" sau uku a jere ba sai yau, kuma ba ni aka yi wa ba.

Laraba, 9 ga Yuli
Har baƙin da suka zo daga garin Assakio Baba ya nuna wa injin. "Na 'yata Doose." Ni kuma 'yar maƙwabta ce, ko?

Asabar, 12 ga Yuli
A gidanmu ba a ba Baba magani sai da zuma, tun Inna na da rai. Na ɗiga kaɗan a kofin injin. Ni ma hannuna ya shiga.

Lahadi, 13 ga Yuli
Injin na ƙara, hazo babu. Bayan la'asar ƙirjin Baba ya riƙe, yana shaƙa ba abin da ke shiga. Doose ta zo a guje, ta buɗe kofin, ta taɓa, yatsanta ya yi danƙo. Ta dube ni sau ɗaya. Ta sauya kofi, hazo ya taso, Baba ya dawo.

A kicin ta ce ruwan dole ya zama tsararo kafin iska ta farfasa shi ƙanana ya kai huhu. Mai kauri ba ya fashewa, toshe ramin yake yi. "Anti, zuma na baki ne, ba na huhu ba."

Ba ta faɗa wa kowa ba. Wannan ya fi min ciwo.

Litinin, 14 ga Yuli
Luqman ya yi mata faɗa a gabanmu, wai jabun inji ta sayo, ta kusa kashe Baba. Ba ta tona ni ba. Na ji daɗi, Allah ya yafe min. Daɗin bai kai magariba ba.

Baba ya ƙi injin.

Alhamis, 17 ga Yuli
Na kai wa Luqman tsohon kofin, na ce ya shinshina, ni na zuba zumar. Baba yana jin mu. Ba don ita na yi ba, don Baba ya koma shaƙa ne.

Ya koma. Ni na auna maganin, ita ta duba. Ta riƙe min kofin, ban ƙwace ba.