Kukana Yana Bayan Takarda

Zuwa ga Maigirma shugaban ofishin da ke duba lafiyar dabbobi,

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, doguwar ce ta cuce ni.

Na farko. Ni makiyayi ne a Kekun Waje, ƙasar Bunguɗu. Farin da aka yi ya bar mini shanu goma sha tara. Farkon daminar bana biyu suka soma tari, suna tsayawa da wuya a miƙe. Na san ciwon huhu ne. Da ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci na rubuta maka takarda, na kai ta Gusau da ƙafata.

Na biyu. Na rubuta ta yadda muka san ana rubuta wa babba. Na fara da sunan Allah, na gaishe ka, na tambayi iyali da ma'aikata, na yi barka da ruwa, na yi addu'a. A wurinmu, mai faɗa wa babba buƙata kafin ya cika gaisuwa marar tarbiyya ne. Shafi ya cika, maganar shanu ta koma bayan takarda.

Na uku. Mako biyar na jira, shiru. Da na koma, akawunka ya zaro takardata daga tarin wasiƙun gaisuwa. Ya ce takardar ofis ana sa mata kan magana a sama, a ja layi, buƙata ta zo da farko. Tawa kuwa ya ga gaisuwa ce, ya ajiye. Ko juya ta bai yi ba. Zuwa ranar na riga na rasa shanu goma sha ɗaya. Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba.

Ban ce tsarinku ba shi da kyau ba. Amma wa ya taɓa zuwa ruga ya koya mana shi?

Ina roƙo a sa akawu ya riƙa karanta takarda gaba da baya, malaman ajin yaƙi da jahilci kuma su koya mana rubutun ofis. Kafin duk wannan, a turo mai duba shanu cikin makon nan. A takwas ɗin da suka rage, saniya ɗaya ake tatsa, da nononta 'ya'yana ke shan fura. Jiya da safe na ji ta yi tari.

Allah ya ja zamaninka, ya tsare maka abin da ka mallaka.

Wassalam.

Jaɓɓi makiyayi, Kekun Waje