Rasit ɗin Maman Marvel

Litinin, 1 ga Maris, 2010

Oga Kure mai shago ya zo da safe, ko gaisuwar kirki babu. Wai ranar 31 in ban cika masa kuɗin hayar shekara ba, in kwashe firizojina in ba shi makullinsa, akwai mai sayar da waya da ke jira. Saura dubu hamsin da biyar. Da me zan haɗa? Wata guda wuta na zuwa awa uku a rana, ƙanƙara ta koma ruwa, kifi ya yi wari na zubar da kwali biyu.

Na tuna da kuɗin ajiyar mita. Dubu sittin muka ba kamfanin wuta a 2003 kafin su ja mana layi. Bara sun cire tsohuwar mitar sun sa mai kati, ke nan ajiya ta tashi aiki. Kuɗina ne, kuma wallahi sai sun amayo shi.

Alhamis, 4 ga Maris

Na samu rasit ɗin a ƙasan akwati, cikin ledar katin aurena. Awa huɗu na yi a layi a ofishin wuta. Wani George, mai ɗaure da taye kamar za a rataye shi, ya ɗaga takardar da yatsu biyu ya ce, "Madam, wane ne Maman Marvel?"

Na manta sam.

Magdalene ce. Shagon gyaran gashinta na manne da nawa a nan Karu, mita ɗaya muka ja, talatin-talatin muka haɗa. Ranar biya ina jego, ita ta je. Mai rubutu ya tambayi suna, ta faɗa masa sunan da duk layin ke kiranta da shi, shi kuma sakarai ya rubuta haka. George ya ce babu wani mutum mai wannan suna a Nijeriya. In kawo ta da kanta, ta yi rantsuwa a kotu cewa ita ce.

Na ce da za ku karɓa ai ba ku nemi kotu ba! Ya ce na gaba ya matso.

Juma'a, 5 ga Maris

Ba zan neme ta ba. Na rantse.

Talata, 9 ga Maris

Shekara uku ba mu yi magana ba. A kan bil ɗin wuta ne. Injinan busar da gashinta ke zuƙe wuta, amma kullum rabi da rabi. Ranar da aka kawo bil na dubu goma sha takwas na ce mata ɓarauniya a gaban mutanenta. E, na faɗa. Bayan wata biyu ta kwashe ta koma Yangoji wajen dangin mijinta, ko sallama.

Yau na koma na ce wa George ta yi tafiya mai nisa. Ya yi murmushi ya ce, "To kuɗin ma sun yi tafiya mai nisa." Da ba don gilashin da ke tsakaninmu ba, Allah kaɗai ya san abin da zai faru.

Litinin, 15 ga Maris

Wata mai sayen kifina ta nuna mini ofishin da ake kai ƙarar masu wuta. Na samu wata Hajiya Kauthar, yarinya ce amma tana sauraro. Ta ce ajiya amana ce a hannunsu, ba kyauta ba ce, ba su da ikon zama a kanta. Ta ba ni wasiƙa mai tambari. Amma ta ce, "Anti Zulai, maganar suna kam sai mai sunan ta zo. Rabi ma nata ne, ko ba haka ba?"

Wa ya tambaye ta?

Na riga na tsara. Zan ce wa Magdalene sun zaftare kuɗin, dubu goma kawai suka rage, in ba ta biyar. Wutar da ta sha a kaina ta fi haka. Ba zan rasa shago saboda kunya ba.

Asabar, 20 ga Maris

Yangoji. Mota uku na hau, sai acaɓa.

Na tsaya bakin wata rumfa na ce gidan Maman Marvel nake nema. Matan suka kalli juna. Ɗaya ta ce a hankali, "Magdalene kike nufi. Nan ba ma kiranta haka yanzu."

Marvel ta rasu bara da damina. Zazzaɓi, kwana huɗu. Shekararta goma sha ɗaya. Yarinyar da ke leƙo shagona kullum bayan makaranta, "Anti, ƙanƙara ƙarama," in ɓalle mata ta tsotsa tana dariya da wawulonta. Ita kaɗai ce gare su. Wata tara, ba wanda ya gaya mini. To wa zai gaya mini, ni da na goge lambar uwarta?

Na samu Magdalene tana ɓarar gyaɗa, ta rame. Ta ce, "Zulai, ke ce?" Ta ba ni kujera, ta kawo ruwa. Na yi mata gaisuwa, sannan, Allah ya yafe mini, na fito da rasit. Ta riƙe shi ta daɗe tana kallo, tana bin rubutun da yatsa. Ta ce duk takardun duniya babu inda aka rubuta ta haka sai nan. Ta ce za ta zo Talata.

Ban yi maganar dubu goman ba. Ban samu fili ba ne kawai.

Talata, 23 ga Maris

A kotu sai da suka sa ta faɗa da ƙarfi, hannunta a kan Littafi Mai Tsarki: "Ni ce Maman Marvel." Magatakarda ya ce bai ji ba, ta sake. Na ji kamar in kifa masa teburin.

Juma'a, 26 ga Maris

Wasiƙar Hajiya Kauthar ta yi aiki, yau George har da "ku zauna". Cek ya fito, dubu sittin cif, shekara bakwai ko kwabo ba su ɗora ba, mugaye. Sai ya miƙo hannu wai a ba shi asalin rasit, za a sa a fayil.

Na ga yadda Magdalene ta damƙe shi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce fayil ɗin da ɓeraye ke ci? Ga hoton takarda ku riƙe! Ya ce ƙa'ida ce. Na ce ku kira manajanku, ku kira ubansa ma, yau nan zan kwana. Layi ya ɗauka, wani tsoho yana cewa "Gaya musu, Hajiya!" Na kira Kauthar na manna wa manaja wayar a kunne. Suka buga tambari a kan hoton, muka fito da rasit ɗinmu.

A banki Magdalene ta tura mini kuɗin duka. Ta ce, "Riƙe, na ji labarin shagonki." Rasit ɗin ma ta ba ni, wai ni na adana shi shekara bakwai. Mace ba ta canza ba, har yanzu sai ta sa mutum ya ji kansa ƙarami.

Laraba, 31 ga Maris

Na biya Oga Kure. Ƙaramar firiza na sayar na cika, dama ta fara ƙara.

Dubu talatin ɗinta suna cikin ambulan, ban taɓa ba. Rasit ɗin na kai an rufe shi da roba kada ruwa ya ɓata shi, naira ɗari, ɓarayi. Asabar zan je Yangoji tunda jajibirin Istarsu ce, in kai mata kayanta, ba wani abu ba.

Na sake sa lambarta a waya. Na rubuta Magdalene, na goge. Na sa yadda yake a rasit.