A Bar Mini Alewata Uku a Aljihu

Zuwa ga Madam Shugabar Makarantarmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, ina gaida malamanmu duka. Ni ce Sadiya 'yar unguwar Zogbeli, ta aji ɗaya, mai zama a bencin ƙarshe kusa da taga. Sau biyu na zo ƙofar ofishinki, bakina ya ƙi buɗuwa, na koma. Shi ya sa na rubuta, zan kuma manna a allon sanarwa don malamai da siniyoyi su karanta tare da ke.

Ina da ciwon suga, irin wanda ke kama yara, tun ina aji huɗu na firamare. Kullum ina yi wa kaina allurar insulin kafin na ci abinci. Na saba, har na fi Babana iya riƙe allurar, don shi rufe ido yake yi. Kukana a kan alewa ne.

Na farko. Allurar nan takan sauke sugan jinina fiye da kima, musamman in na yi gudu ko abinci ya makara. Sai hannuna ya kama rawa, gumi ya keto, rubutun allo ya zama biyu-biyu. Maganinsa abu mai zaƙi, nan take. Nas ɗin asibiti ce da kanta ta ce kada na fita gida ba alewa uku a aljihuna.

Na biyu. Ranar Litinin siniya mai duba jaka a bakin ƙofa ta ƙwace su. Na yi mata bayani a hankali, sai ta kai ni wajen malamar ajinmu. Malama ta dafa kaina cikin tausayi, ta ce mai ciwon suga da shan alewa ai kashe kai ne, kakarta ma ko shayi ba a sa mata suga. Na san don tana ƙaunata ne. Amma ciwon kakarta daban, nawa daban. Alewar kuwa ban sake ganinta ba, sai dai na ji ƙamshin minti a bakin siniya.

Na uku. Ranar nan aka sa mu zagaya fili sau huɗu. A na uku ƙafata ta ƙi ɗaukata, na zauna ina rawar jiki, maganata ba ta fita daidai. 'Yan ajinmu suka ce aljanu ne. Wasu suka gudu, wasu suka zagaye ni da karatu, aka tafi kiran malamin Arabiyya. Allah ya saka musu, amma ƙawata Rahi ce ta ruga wajen Mma Azara mai koko a bakin ƙofa. Mma ta zo da kofin koko, ta zuba suga cokali uku, ta ba ni da hannunta. Kafin malam ya iso, aljanun sun sha koko sun tafi. Yanzu muna dariya, amma da Mma ta riga ta tashi ta tafi gida, ban san inda zan farka ba.

Ga roƙona, Madam:

A ba ni 'yar takarda mai hatimin makaranta, da zan nuna wa duk mai duba jaka.

A bar ni na ci alewar ko malami yana tsakiyar darasi. Zan ɓare ta a hankali, ba wanda zai ji ƙarar leda.

In an ga ina rawar jiki, a ba ni abu mai zaƙi tukuna, addu'a ta biyo baya. In ba na iya haɗiya, kada a ɗura mini komai, a sa ni a yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, zuwa asibiti, a kira Babana.

Kada kuma a hana ni gudu saboda wannan wasiƙa. Ranar Juma'a za a zaɓi masu yi wa ajinmu tsere, kuma ina so na shiga. Da takardarki a aljihu ɗaya, alewa a ɗayan, zan gama zagaye huɗun nan.

Allah ya ƙara miki lafiya da haƙurin zama da mu, ya raya miki zuri'a.

Wassalam.
'Yarki, Sadiya.