Rukayya Ta Koma Kusasu

Birnin Gwari

Zuwa ga ƙawata Karima,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna, ya maigida da yara? Da fatan Zariya lafiya. Mu ma lafiya lau.

Kin tambayi aiki. Aji huɗu aka ba ni bana, ya cika maƙil da yaran da iyayensu suka baro ƙauyuka saboda 'yan bindiga. Wannan zangon ina koya musu gano matsala da mafita a cikin rubutun bayani. Mun karanta wani kan zaizayar ƙasa. Kafin in gama tambaya duk sun nuna matsalar, daga nan suka rufe littafi. Da na ce su ci gaba, wata yarinya 'yar Kusasu, Rukayya, ta ce ai an riga an faɗi abin da ya faru. Yanzu ina sa su nemi kalmomi irin su "don haka" da "hanyar magancewa", kada su tsaya sai sun kai gare su. A hankali suna sabawa.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki,
Lydia Auta

*

Ƙawata Karima,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da Inna ta samu sauƙi, Allah ya ƙara lafiya.

Ranar Talata mun karanta rubutu kan saran maciji. Rukayya ce ta fara gano mafitar, ta karanta mana a tsaye: kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau, a hana mutum motsi, a hanzarta kai shi asibiti. Na sa aka tafa mata, amma ba ta zauna ba. Ta ce duk sun yi wa babanta haka bara, sai kai shi asibiti ne ya gagara, domin an tare hanya, babu mai mashin da ya yarda ya fito. A gida ya rasu. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaya ne kawai ko wannan ma mafita ce sunanta.

Na ce mata amsarta daidai ce. Sannan, bayan tambayar matsala da ta mafita, na ƙara ta uku a allo: wa zai iya yin abin da marubucin ya ce? Ba ta cikin manhaja, amma hedimasta ya gani ya ƙyale.

A gaida yara.

Lydia

*

Karima,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya.

Rukayya ta tafi Kusasu. Dawarsu ta nuna, uwarta ta ce in ba su je sun yanke ba, ba su da abin ci bana. Babu wanda za a bar wa yarinyar a gari. Na je na ga uwar kan karatun yarinyar, ta saurare ni cikin mutunci, washegari suka shirya.

Kafin su tafi Rukayya ta zo makaranta ba da kayan makaranta ba. Ta ce: "Malama, in asibiti bai yiwu ba, me ake yi? Littafin bai faɗa ba, ga shi ni da ƙanina Usman za mu shiga gona."

Dama na riga na tambayi wata nas 'yar cocinmu, don haka na gaya mata abin da aka gaya mini: su sa takalmi rufaffe, su riƙa buga ciyawa da sanda, kada su cusa hannu ƙarƙashin dami ba su duba ba. In kuwa maciji ya yi sara, maganin yana asibiti, ban san wani ba. Ta maimaita su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda muke yi a aji, ta durƙusa ta yi godiya.

Waya ba ta shiga can, ban ji isarsu ba tukuna. Hedimasta ya ce in bai wa wani yaro wurin zamanta, tunda wasu a ƙasa suke zama. Na ce a bar shi zuwa bayan girbi.

Ku sa su a addu'a. Ki gaida Inna da maigida.

Ƙawarki har kullum,
Lydia Auta